Madubin Hangen Nesa Don Kallon Namun Daji: Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓa, Ya Saita, Ya Yi Aiki Da Shi

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga wajen sayen madubin hangen nesa shi ne bin babbar lamba. Ya ga an rubuta 20x50 a jikin wani, 8x42 a jikin wani, sai ya ɗauka na farkon ya ninka na biyun kyau. A daji abin ba haka yake ba. Mai 20x50 zai yi ta lalube yana neman barewar da kowa ke gani da ido, in ma ya same ta hoton yana ta rawa, kafin ya gama saiti ta shige duhuwa. Mai 8x42 kuwa ya riga ya gama kallonta, har ya ƙirga 'ya'yan da ke biye da ita. Madubin da ya dace da kai shi ne wanda hannunka zai riƙe ba karkarwa, wuyanka ya ɗauke shi wuni guda, idonka kuma ya zauna a cikinsa ba gajiya.

Lambobin nan biyu

Lambar farko tana faɗin sau nawa madubin ke kusanto da abu. In 8 ce, gwankin da ke nisan mita 80 za ka gan shi kamar yana mita 10 daga gare ka. In 10 ce, kamar yana mita 8. Ka ga bambancin bai kai yadda ake zato ba. Lamba ta biyu faɗin gilashin gaba ce a milimita, wato babban gilashin da ke fuskantar dabbar. Shi ne ƙofar haske: iya faɗinsa, iya hasken da ke shiga, iya nauyin da za ka ɗauka.

Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, madubi ba dabba kaɗai yake girmamawa ba, har da motsin hannunka. Bugun zuciya, numfashi, iskar da ke kaɗa ka, duk ana ninka su da wannan lamba ta farko. A 8 yawancin mutane suna riƙewa lafiya. A 10 rawar takan fara bayyana, musamman bayan an hau tudu ana haki. Daga 12 zuwa sama sai da maɗori mai ƙafa uku, ko kuma irin madubin nan mai batir da ke kashe rawar hoto, kamar waɗanda kamfanin Canon ke yi. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ƙarfin kusantowa ya hau, filin da kake gani yana tsukewa, hasken yana raguwa, kuma saitin yana ƙara tsanani, ɗan motsin dabba gaba ko baya sai ka sake juyawa.

Saboda haka ga wanda zai fara, zaɓin bai wuce uku ba. 8x42 shi ne na kowane hali: kurmi, fili, asuba, magariba, tsuntsu ko giwa. Nauyinsa yakan kama daga giram 650 zuwa 850. 8x32 ya fi shi sauƙi, wajen giram 450 zuwa 600, kuma da rana tsaka da wuya ka bambance hotonsu. Sai haske ya yi ƙasa ne 42 ke nuna fifikonsa, domin gilashinsa na tara hasken da ya fi na 32 da kusan kashi 70 cikin 100. Mai doguwar tafiya a ƙafa, ko mai ƙaramin hannu, 8x32 ya fi masa. 10x42 kuwa na mai kallo a buɗaɗɗen fili ne, ko bakin tafki, ko kan duwatsu, inda dabbobi ke nesa kuma ba su cika ɓuya ba, da sharaɗin hannunsa tsayayye ne.

'Yan ƙanana irin 8x25 da 10x25 suna shiga aljihu, wannan ne amfaninsu, amma suna wahalar da ido kuma suna yin duhu da wuri. 7x50 na masu jirgin ruwa ne. 10x50 yana da haske sosai, sai dai yakan kusanci kilo guda, kuma bayan awa biyu wuya zai ba da labari.

Ɗigon haske

Riƙe madubin nesa da fuskarka, kamar tsawon hannu, ka fuskantar da shi wajen sama ko farin bango. A tsakiyar kowane gilashin baya za ka ga wani ɗigon haske zagayayye. Duk abin da madubin ya tara, ta wannan ɗigon yake fitowa ya shiga idonka. Faɗinsa ana samunsa da raba lamba ta biyu da ta farko: 8x42 yana ba da milimita 5.25, 10x42 yana ba da 4.2, 8x32 yana ba da 4, 10x25 yana ba da 2.5 kacal. Shi kuwa 20x50 ɗin da aka ruɗu da shi, 2.5 ne shi ma.

Me ya sa wannan lissafi ke da muhimmanci? Baƙar ƙofar da ke tsakiyar idon mutum tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3 a cikin rana, tana buɗewa a duhu har zuwa wajen 7 ga matashi, wajen 5 ga wanda ya manyanta. In ɗigon madubin ya fi ƙofar idonka ƙanƙanta, hoton zai yi maka duhu. Su kuwa namun daji sun fi fitowa da sassafe da kuma gab da faɗuwar rana, daidai lokacin da ƙofar ido ke buɗe. Shi ya sa bai kamata ɗigon ya gaza milimita 4 ba. Akwai wata fa'ida kuma: ɗigo mai faɗi yana da sauƙin dacewa da ido, ko a cikin mota mai tafiya kake ba za ka riƙa ganin baƙin inuwa na giftawa ba.

Sai dai a sani, komai faɗin gilashi, madubin hangen nesa ba na'urar gani da dare ba ce. Yana ƙara maka 'yan mintuna bayan magariba, iyakarsa ke nan.

Lambobi uku da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe

Na farko faɗin gani. Ana rubuta shi kamar haka: 131m/1000m, ma'ana a nisan mita 1000 za ka ga fili mai faɗin mita 131. Wasu kamfanoni digiri suke rubutawa. Kowane digiri ɗaya daidai yake da kusan mita 17.5, don haka digiri 7.5 shi ne wannan 131 ɗin. In da ƙafa da yadi aka rubuta, kamar yadda ake yi a Amurka, raba adadin ƙafar da uku, za ka sami mita. Ga 8x42, daga mita 125 zuwa sama ya yi kyau. Sabon shiga ya fi kowa bukatar fili mai faɗi, domin babbar wahalarsa ita ce gano dabbar a cikin madubin tun farko, da bin ta in ta zabura.

Na biyu tazarar ido, wato nisan da ya kamata ya kasance tsakanin idonka da gilashin baya kafin ka ga dukkan filin. Wanda ba ya sa tabarau ba shi da damuwa a nan. Mai tabarau kuwa, tabaransa ya riga ya ture idon baya, don haka yana bukatar aƙalla milimita 16, in ya sami 17 zuwa 20 ya fi. In tazarar ta gaza, zai riƙa gani kamar mai leƙe ta cikin bututu, gefen hoton duk a yanke. A nan kada a dogara da takarda kaɗai, a gwada da tabarau a fuska, domin wasu kofunan ido, wato zobban robar da ke kewaye da gilasan baya, suna cinye milimita biyu ko uku daga abin da aka rubuta.

Na uku shi ne mafi kusancin nisan da madubin zai iya saitawa. Ga mai kallon manyan dabbobi wannan bai dame shi ba. Amma wanda zai so ya ƙare wa malam-buɗe-littafi ko ƙadangare ko ƙaramin tsuntsu kallo, ya nemi mai sauka zuwa mita 2 ko ƙasa da haka.

Abin da ke ciki

Gilashin gaba yana kifar da hoto ne, sama ta koma ƙasa, dama ta koma hagu. Abin da ke miƙar da shi wasu yankakkun gilasai ne masu kusurwa da ke cikin kowane bututu, ana kiransu firizim. Iri biyu ne. Akwai tsarin Porro, wanda ya samo sunansa daga Ignazio Porro, mutumin Italiya da ya yi masa rajista a 1854. Shi ne madubi mai kafaɗa, gilasan gaba sun fi na baya warewa. Akwai kuma tsarin da bututunsa ke miƙe sak, siriri, wanda ya fi yawa a yau.

Miƙaƙƙen ya fi ƙanƙanta, ya fi jure bugu, ya fi sauƙin toshewa daga ruwa da ƙura. Amma ƙera shi da kyau ya fi wuya. Haske yakan rabu biyu a cikin firizim ɗinsa ya sake haɗuwa ba daidai ba, sai hoton ya rasa kaifi, sai fa in an yi masa wani shafi na musamman mai gyara wannan saɓani, wanda kamfanin Zeiss ya fito da shi a 1988. Porro ba ya bukatar wannan. Shi ya sa in kuɗin mutum kaɗan ne, Porro mai kyau yakan fi miƙaƙƙe mai araha fitar da hoto garau, ko da yake ya fi girma kuma ba dukkansu ne ke hana ruwa shiga ba.

Gilashin firizim ɗin ma iri-iri ne. BaK-4 ya fi BK-7. Ka koma ga ɗigon hasken nan: in zagayayye ne fes, madalla, in ka ga gefensa da inuwa mai kusurwa huɗu, to hasken gefe na zubewa.

Sai shafin gilashi, wanda a gaskiya shi ne ke raba madubi mai kyau da na banza. Duk fuskar gilashin da ba a shafa ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata. A cikin bututu ɗaya akwai irin waɗannan fuskoki goma ko fiye. In goma sha biyu ne kuma babu shafi, kusan kashi 40 na hasken ya salwanta, wanda ya salwanta ɗin kuma yana ta yawo a ciki yana dusashe hoto. Madubi mai kyau yana isar da kashi 90 ko fiye. Abin da za ka nema shi ne wanda aka yi wa kowace fuska shafi hawa-hawa, ana taƙaita shi da FMC. In ka karkata gilashin gaba a haske za ka ga ɗan launin kore ko shunayya mai duhu. Wanda gilashinsa ke ƙyalli ja jawur ko ruwan lemo kamar madubin ado, bar shi inda ka gan shi: yana tare jan haske ne don ya ɓoye aibin gilashin, sai komai ya koma shuɗi-shuɗi.

Haruffan ED suna nufin gilashin da ke rage wani kore ko shunayyan zare da kan bayyana a gefen abu mai duhu in yana gaban sama mai haske, kamar mikiya a kan busasshen reshe. Yana da daɗi, amma ba dole ba ne ga na farko.

Abin da yake dole shi ne toshewa. A nemi wanda aka rufe da zoben roba aka cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon, don kada ya yi gumi ta ciki in an fito da shi daga sanyi zuwa zafi. Alamar IPX7 na nufin zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Ko ba ka shiga ruwan sama, toshewar da ta hana ruwa ita ce ke hana ƙura da hunhuna.

Iri biyu kuma a kauce musu gaba ɗaya: mai zuƙowa, irin 10-30x50, domin filinsa matsattse ne kuma kayan cikinsa saurin gocewa suke, da wanda ake cewa ba ya bukatar saiti, domin ba ya ganin abin da ke kusa.

Gwaji kafin a biya

Gani ya kori ji. Madubi biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta a hannu kamar dare da rana, kuma fuskokin mutane ba ɗaya ba ne. In da hali, a riƙe a gwada.

Fara da gaɓar tsakiya. Lanƙwasa ta, ya kamata ta motsa da ɗan tauri, ta tsaya inda aka bar ta. Duba ko tana matsowa daidai tazarar idanunka. Yawancin madubai suna kamawa daga milimita 56 zuwa 74. Mai matsattsun idanu, da yara, wani lokaci ba sa samun daidai da su. Wasu ƙananan Porro irin 6x30 suna sauka har wajen 50, su suka fi dacewa da yaro.

Juya majuyin saiti daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Kada ya yi sako-sako, kada ya cije a wani wuri, kada kuma a sami gurbin da kake juyawa hoto bai canja ba. Sannan ka juya madubin, ka haska tocila ta gilashin gaba ka leƙa: ƙura, zane, ko wani abu mai kama da saƙar gizo, wanda hunhuna ce, duk dalilin fasa saye ne, musamman in na hannu ne.

Gwajin da ya fi kowanne shi ne na daidaiton bututun biyu. Saita a kan wani miƙaƙƙen layi da ke nesa, kamar wayar lantarki ko bakin rufin gini. Janye madubin a hankali daga idonka kamar santimita 10, kana ci gaba da kallo. Layin da ke gilashin hagu da na dama ya kamata su zama a jere kamar layi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗaya tudu, firizim ya goce. Idonka zai yi ta ƙoƙarin haɗa hoton da ƙarfi, ba za ka lura ba sai bayan minti goma ciwon kai ya sauko. Irin wannan ba ya gyaruwa a gida.

A ƙarshe karanta wani rubutu mai nisa, ka kai shi tsakiyar fili sannan gefe. Ɗan dishi-dishi a can bakin gefe ba laifi ba ne. In ya fara tun daga rabin hanya, nemi wani. Ka tambayi tsawon garanti kuma, domin madubi abin faɗuwa ne.

Saiti: minti biyar da yawancin mutane ke tsallakewa

Da yawa daga masu cewa madubinsu ba shi da kyau, ba su taɓa saita shi ba ne. Ga yadda ake yi, bi da bi.

Kofunan ido tukuna. In ba ka sa tabarau, murɗo su waje gaba ɗaya. In kana sawa, mayar da su ciki. In kana ganin baƙin inuwa kamar wake na yawo a hoton, idonka ya matso da yawa, ƙara fito da kofin mataki ɗaya. In gefen fili a yanke yake, idonka ya yi nisa, mayar da shi.

Sai gaɓar tsakiya. Kalli abu mai nisa, ka riƙa buɗewa da matsewa har da'ira biyun su narke su zama ɗaya. Hoton nan mai kama da lamba takwas a kwance da ake nunawa a finafinai, alamar madubin da ba a saita ba ne.

Na uku shi ne zoben dayofta, wanda aikinsa cike bambancin ƙarfin idanunka biyu. Yawanci yana ƙarƙashin kofin dama, da alamar ƙari da ragi da sifili. A wasu yana jikin majuyin tsakiya, sai an ja shi waje. Zaɓi abu mai kaifin gefe da ba ya motsi, a nisan mita 30 zuwa 50, allo mai rubutu ya fi. Rufe gilashin gaba na dama da murfinsa. Juya majuyin tsakiya har rubutun ya fito tar a idon hagu. Ɗauke hannunka daga majuyin, kada ka sake taɓa shi. Cire murfin daga dama ka rufe gilashin gaba na hagu, ka juya zoben dayofta kaɗai har idon dama ya ga rubutun tar. Cire murfin. Yanzu idanu biyun sun daidaita, daga nan majuyin tsakiya kaɗai za ka riƙa taɓawa.

Dalilin amfani da murfi maimakon runtse ido ɗaya shi ne, runtsewa na matse idon, tana kuma canja saitin wanda ke buɗe. Kada kuma ka daɗe kana juyawa gaba da baya, ido zai fara biye wa kuskuren. In ka rikice, kalli nesa da ido tsirara na ɗan lokaci ka sake. Lura da inda alamar ta tsaya, domin duk wanda ka ara wa madubin sai ya juya ta.

Maratayi kuma a gajarta shi, madubin ya zauna a ƙirji, ba a ciki ba. Dogon maratayi yana sa shi lilo yana bugun duwatsu in ka sunkuya. Ga mai wuni a tafe, maratayin kafaɗa mai gicciye a baya ya fi na wuya nesa ba kusa ba.

A fili

Ga dabarar da ta fi kowace: in ka hango dabba da ido, kada ka sauke kai ka kalli madubin. Kafe idonka a kanta, ka ɗago madubin ya shigo tsakaninka da ita. Wanda ya kalli ƙirjinsa ya ɗago, ya rasa wurin, sai ya shiga share daji da madubi. Kafin ka ɗaga, lura da wata alama kusa da ita, reshe mai rassa biyu, farin dutse, suri. In ba ka faɗa kanta kai tsaye ba, alamar za ta kai ka. Wannan abu ne na horo. Yi ta gwadawa a kan abin da ba ya gudu, saman sanda, wani ganye, sau ashirin a rana, sannan ka koma kan tsuntsaye masu tashi. Cikin mako guda hannu zai saba. Haka nan ka haddace ɓangaren da majuyinka ke juyawa zuwa nesa, domin ba duka kamfanoni ne suka yi shi iri ɗaya ba, kuma ka bar saitin a matsakaicin nisa in kana tafiya, don rabin juyi ya ishe ka.

Riƙo da hannu biyu, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ba a buɗe kamar fiffike ba. Ɗan yatsa manuni a kan majuyi, kofunan a jingine da ƙashin gira. In kana sanye da hula mai baki, haɗa bakin hular da madubin ka riƙe tare, rawar za ta ragu sosai. Jingina da bishiya, ko ka zauna ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa. A mota, a kashe inji. Girgizarsa kaɗai ta isa ta ɓata hoton 10x.

In babu abin da ka hango, kada ka riƙa yawo da madubi kamar mai fenti. Ido ba ya ganin komai in hoto na tafiya. Raba filin gida-gida: tsaya, ƙirga biyar, matsa, ka bar gidan baya ya ɗan shiga na gaba. Fara da kusa ka tafi nesa. Ba dabba sukutum kake nema ba, da wuya ta nuna kanta haka. Nemi kunnen da ya motsa, wutsiya mai korar ƙuda, layin baya a kwance a tsakanin itatuwa masu tsaye, ƙyallin ƙaho, wutsiyar damisa da ta sauko daga reshe. Bakin ruwa, gefen kurmi da inuwar manyan bishiyoyi sun fi tsakiyar fili. Cikin duhuwa kuwa majuyin saiti na da wani amfani: juya shi a hankali, ganyen gaba zai narke, abin da ke kwance a bayansa ya fito. Tsuntsaye ma 'yan rahoto ne. Carki yana bin manyan dabbobi irin ɓauna da raƙumin dawa, ungulu masu sauka wuri ɗaya kuma suna nuna inda mushe yake.

Bar rana a bayanka, launuka za su fito. In tana gabanka, baƙin inuwa kawai za ka gani. Iska kuwa ta riƙa bugun fuskarka, don kada ta kai wa dabba warinka. Da tsakar rana in ƙasa ta ɗau zafi, kawalwalniya na sa hoton nesa ya riƙa malala. Ba laifin madubi ba ne, kuma mai ƙarfin kusantowa ya fi shan wahalarta.

Kada ka taɓa kallon rana da madubi, ko na ƙiftawar ido. Yana tara haskenta ya ƙona bayan ido, kuma ba lallai ka ji zafi a lokacin ba. Haɗarin ya fi yawa in kana bin shaho a sama. Da ka ga ya nufi wajen rana, sauke. Yara a gaya musu wannan kafin a miƙa musu.

In kuna da yawa, “ga shi can” ba kwatance ba ne. Ɗauki bishiyar kamar fuskar agogo: samanta ƙarfe 12, damanta ƙarfe 3. “Babbar bishiyar da ta bushe, ƙarfe 2, kusa da ƙarshen reshe” ya isa kowa ya samu. A yi magana ƙasa-ƙasa, a rage nuni da hannu.

Amfanin madubi shi ne ya hutar da kai matsawa. In dabba ta daina ci ta ɗago kai tana kallonka, ko tsuntsuwa ta tashi daga sheƙa tana kewaya, ka wuce iyaka, ja da baya. Mai ɗa a gefe, ko giwa ko dorina ko ɓauna, tazararta ta fi ta kowa. Ka tuna kuma cewa mai ido a madubi ba ya ganin gefensa, kada a yi tafiya ana kallo, a riƙa saukewa ana duba kewaye.

Kula da shi

Abin da ya fi lalata gilashi shafa ne, ba faɗuwa ba. Ƙura yashi ce, in ka goge ta da bakin riga ka kankare shafin da ka biya kuɗi dominsa. Fara hure ta da 'yar robar hura iska, ka share da burushi mai laushi, madubin na kallon ƙasa. Sai ka ɗiga ruwan goge gilashi a kan ƙyallen tabarau mai tsabta, ba a kan gilashin ba, ka goga a hankali daga tsakiya zuwa gefe. Ban da takardar goge hannu, ban da ruwan wanke taga. In madubin mai hana ruwa ne kuma ya sha laka ko ruwan gishiri, ɗauraye shi da ruwa mai tsabta marar ƙarfi kafin a goge. Ba kullum ake gogewa ba. 'Yar ƙura a gilashin gaba ba ta bayyana a hoto. Gilasan baya ne ke tara gumi da man gira, don haka a bar murfinsu a maƙale da maratayi, a riƙa rufewa in ana cin abinci ko ana yayyafi.

Kada a bar shi a gaban mota cikin rana, zafi na narkar da man da ke cikin majuyi yana sassauta roba. Maganin sauro na shafawa mai sinadarin DEET yana cin roba da filastik, a wanke hannu kafin a riƙe. In ya jiƙe, a bar shi ya bushe a sarari, murafe a cire, kafin a sa a jaka. Jiƙaƙƙen madubi a rufaffiyar jaka shi ke haifar da hunhuna. A wuri mai laima, ajiye shi da 'yan ƙunshin silika masu tsotse danshi.

In ka ga gumi ta cikin gilashi, toshewar ta ɓalle. In ya faɗi ka fara ganin abu biyu-biyu, firizim ya goce. Duka biyun aikin masu gyara ne masu na'urar daidaitawa. Kwance shi a gida zai fitar da iskar da aka cika masa, ya kuma soke garantin.